Jirgi Biyar, Lamba Ɗaya

Ɗan ƙanwata Nomau ya zama injiniyan jirgin ƙasa ranar wata Talata, tsakanin la'asar da shan ruwa, a ƙofar kicin ɗin gidan da nake aiki. Kafin la'asar ɗin, mai ɗaura dish ne a saman benayen Jidda. Kafin dish, mai ɗaga tuta ne a gaban motocin alhazai lokacin aikin Hajji. Kafin tuta, rake yake sayarwa a Maraɗi. Duk sana'o'in nan ban taɓa jin gida ɗaya ya kira shi sau biyu ba, sai dai in an neme shi ya zo ya ga abin da ya ɓata.

Azumin 2008 ne, saura kwana biyar Sallah. Kafilinsa, wato mutumin da ya tsaya masa a takardar zama a ƙasar, ya rufe shagonsa na unguwar Bani Malik, ya buga masa takardar fita ba dawowa: goma ga watan Sallah ya bar ƙasar, sai fa in ya sami wani kafilin da zai ɗauke shi kafin nan. Uwarsa Fatouma da 'ya'yansa huɗu suna Maraɗi, abin da ya aika shi suke ci. Shi ya sa kullum yamma yana tsugune a ƙofar kicin ɗina, yana jiran shurba, romon shan ruwa, yana jiran sa'a.

Maigidan da nake wa girki shekara ashirin da shida, Ammi Yahya, wato Baffa Yahya da Larabci, haifaffen Jidda ne. Kakansa ya taho Hajji da ƙafa daga Katsina bai koma ba. Ammi ya yi ritaya daga aikin tashar jiragen ruwa, sai ya mayar da babban ɗakin saman gidansa na Bagdadiyya ƙasar jiragen ƙasa na wasa. Tebur ne da ya kusa cinye ɗakin, a kansa akwai dutsen farar ƙasa mai rami ta ciki, da gada, da tashoshi, da raƙuman roba suna kiwo a ciyawar dusar katako. A cikin kowane kan jirgi akwai wani ɗan abu kamar farcen babban yatsa. Ammi yana ce masa dikoda, ni ina ce masa ƙwaƙwalwa. Kowace ƙwaƙwalwa da lambarta. Ka danna lambar a akwatin sarrafawa, jirgin mai lambar kaɗai zai amsa, sauran su yi kamar ba da su ake ba. In kuma za a sauya wa jirgi lamba, akwai wani ɗan guntun layi a gefe, tsawon kamu biyu, nan ake ɗora shi. Shekara takwas ina goge ƙurar ɗakin, shekara takwas Ammi yana maimaita mini: "Shi kaɗai, ya Hajja Rakia. Wahid bas. Duk wanda ke kan layin lokacin da ake rubutu, shi ma ya ɗauka."

Kowace shekara, ranar Sallah ta biyu bayan la'asar, Ammi yana buɗe ɗakin ga mutanen unguwa. Koren jirgi ya kai wa manya gahawa a ƙananan finjalai, baƙi ya kai dabino, ja ya kai wa yara alawa, ruwan ɗorawa ya kai wa tsofaffin Hausawa goro. Ɗaya ya je ya dawo, sannan ɗaya ya tashi.

A shekarar sai ɗansa Saleh ya aiko masa da sabo daga Jamus, shuɗi. Daga masana'anta lamba uku ya zo da ita, baƙin jirgin Ammi kuma tun asali uku ne. Ka kira uku, biyu su taso. Gyaran da bai kai tsawon dahuwar shayi ba. Sai dai an cire wa Ammi yanar ido, likita ya sa masa baƙin tabarau ya hana shi duban ƙananan rubutu har wata guda.

Wannan yake min ƙorafi a bakin kicin, Nomau ya miƙe daga tsugunonsa yana karkaɗe wando.

"Ammi, dikoda na ji ka ce?"

"Na'am, ya waladi. Ka san ta?"

Nomau ya yi wata 'yar dariya, irin ta likitan da aka tambaya ko ya san allura. "Shekara tara na yi a reluwe."

"Masha Allah! Fen?"

"A Nijar."

Ludayi ya suɓuce mini cikin shurba. Ƙasarmu, daga Gaya har Bilma, ko taku ɗaya na layin dogo babu. Jirgin ƙasa ɗaya Nomau ya taɓa gani a duniya, a Ƙauran Namoda, shi ma a tsaye yake, awaki na kwance a ƙarƙashinsa.

Ammi ya juyo da baƙin tabaraunsa wajena. "Sahih, ya Hajja?"

Na dubi Nomau, na tuna Fatouma da yara huɗu. Na ce, "Tun da nake, ban taɓa jin jirgi ya yi hatsari a hannunsa ba."

"Halas," in ji Ammi. "In jirage suka yi tafiya lafiya ranar Sallah, ni zan ɗauki kafalarka."

Washegari na je unguwar Sa'alaba karɓar ɗinkin Sallata wurin Musbahu tela, mutumin Kano, mai baki kamar almakashinsa. Na tarar da Nomau ya riga ni, ya baje hannuwa ana gwada shi. Rigar aiki yake so, shuɗiya, a rubuta MUHANDIS, wato injiniya da Larabci, da jan zare a baya. Shagon cike da masu jiran ɗinki.

Musbahu, allura a baki, ya ce, "Injiniya, jirgin nan naku na Nijar daga ina yake tashi?"

"Daga tasha mana."

"Ya sauka ina?"

"A ɗaya tashar."

"Ikon Allah. Ni dai na hau na Kano zuwa Ikko, kwana uku muna tafe, ban ji ana labarin naku ba."

"Naku na gawayi ne, tsohon yayi. Namu ba ya ƙara, shi ya sa ba ka ji shi ba."

"Ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, ba a ganinsa."

"Fasahar Faransa ke nan," in ji Nomau. "Ku zo gidan Ammi Yahya ranar Sallah ta biyu, dukanku. Ku zo ku ga aiki, ku huta da surutu."

Musbahu ya cire allurar daga bakinsa. "Wallahi ko gawa nake, a ɗauko ni."

Ranar farko ta aiki, Ammi ya miƙa masa ɗan littafin da ya zo da jirgin. Nomau ya jujjuya shi, ya sa shi ƙarƙashin ƙafar tebur wai yana girgiɗi. Ya ɗauki shuɗin jirgi ya hura masa iska. Ya buga shi a tafin hannu, yadda yake wa rimot in batir ya yi sanyi. Ya danna uku, baƙi da shuɗi suka taso tare kamar jiya. Ya kwance cikin jirgin, wani ɗan kusa ya yi tsalle ya shige ramin dutse, ya zura hannu nema, ya fito da raƙumi ɗaya babu kai.

"Sanyi ne ya kama shi," ya ce. "Daga Jamus ya zo. Bai saba da ƙasar ba."

Ya ɗauke shi ya kai rufin bene ya shanya shi a ranar Jidda, tun hantsi har azahar. Da ya sauko da shi rufin jirgin ya lanƙwashe kamar ɓawon kankana.

Na ce, "Sanyin ya fita?"

"Inna, haka ake yin na gudu. Iska ta riƙa zamewa."

"To lambar fa?"

"Lamba sai gobe. Ba a haɗa aiki biyu rana ɗaya."

Gobe ta yi, ya shigo da sassafe fuskarsa na sheƙi, ya ce ya kwana yana nazari ya gano cutar. Ina riƙe da tsumman goge ƙura ya tsayar da ni kamar ɗaliba.

"Shuɗin nan ba shi da laifi. Gidan ne babu tsari. Dubi: gida ɗaya, kafili ɗaya, lambobi barkatai. Wannan uku, wancan tara, wancan sha biyu. Ina aka taɓa yin haka? A Mina motocinmu arba'in ne, duk maktab ɗaya, wato ofishin alhazai ɗaya, lamba saba'in da bakwai a goshin kowace. In na ɗaga tuta sau ɗaya, duk su tashi."

"Na tuna. Ba shekarar ce kuka sauke alhazan Agadas a tantin 'yan Indonesiya ba?"

"Wannan laifin direba ne."

"Ammi ya ce ɗaya bayan ɗaya ake ɗora su a ɗan layin can."

"Ammi tsoho ne, yana da lokaci. Ni muhandis ne."

Ya ciro wayoyi biyu daga ɗan guntun layin ya ɗaura su a babban layi, inda jirage biyar ke tsaye. Ya daddanna akwatin, harshe a waje. Fitilun jiragen suka yi ƙyaf-ƙyaf gaba ɗaya. Ya mayar da wayoyin, ya share gumi. Kore, baƙi, ja, ruwan ɗorawa da shuɗi, duk sun zama saba'in da bakwai.

Da ya ga abin ya karɓa, sai daɗi ya ɗebe shi. Ya zaro littafin daga ƙarƙashin tebur, ba don ya karanta ba, don ya kalli zane. Ya ga hoton jirgi a bakin tasha da lambobi daga sifili zuwa ɗari biyu da hamsin da biyar.

"Birki ke nan. Kin ga tsohon nan a biyar ya bar shi. Rowa har a birki! Zan kai shi ƙarshe."

Wannan kuwa na san ta, don na sha jin Ammi yana yi wa baƙi bayani. Na ce, "Nomau, lambar nan ta jan ƙafa ce. In ta yi yawa, jirgi ya daɗe bai tsaya ba."

"Inna, da birki biyar da birki ɗari biyu, wanne ya fi kamawa? Ko yaron goye ya sani. Ke da tukunya, ni da fasaha."

Ya sake ɗaura wayoyin, ya ba su birkinsa duka biyar. Ya ga lambar ƙarar jiniya, ita ma ya kai ta ƙarshe, wai don mutanen Sa'alaba su ji daga gida. A jikin akwatin akwai wani jan maɓalli babba, na tsayar da komai in abu ya ɓaci. Ya ce wurin ya yi daidai da talla, ya liƙa takarda mai sunansa da lambar wayarsa a kai, ta rufe shi ruf.

Sannan ya gwada. Ya murɗa abin gudu ɗan ƙanƙani, kamar mai tsoron kunama. Jirage biyar suka ja jiki tsawon ɗan yatsa. Ya mayar, suka tsaya, tunda ko kunkuru a wannan tafiyar zai tsaya.

"Kin ga biyayya?"

"Na gani. Na kuma ga uku sun fuskanci gabas, biyu sun fuskanci yamma, layin kuma ɗaya ne. In sun haɗu fa?"

"Jirgi mai ƙwaƙwalwa ne. Ya san ɗan maktabinsa."

Daga ƙasa Ammi ya ɗaga murya, "Kef, ya muhandis?"

"Miya bil miya, Ammi! Ɗari bisa ɗari!"

Da yamma na ce wa Ammi ya hau ya gwada da kansa kafin baƙi su zo. Ya ce a'a, muhandis ya ce kada kowa ya taɓa, ƙwaƙwalwa tana buƙatar kwana biyu ta kama, kamar siminti. Na ce to Allah ya sa ta kama.

Ranar Sallah ta biyu ɗakin ya cika har matakala. Ga mutanen Bagdadiyya, ga rabin Sa'alaba da Nomau ya gayyato da bakinsa. An zaunar da umdan unguwa, wato mai unguwa, a kujerar gaba, daidai gada, cikin farar riga wadda ko ƙuda bai taɓa sauka a kanta ba. Musbahu ya zaɓi wuri a kan kwana, ya naɗe ƙafa. Mata suna leƙe ta ƙofar ɗakin ciki, yara sun jeru a bakin tebur. Ni ina shiga ina fita da tire, tunda tsohuwa ba ta da shamaki.

Na jera finjalai shida a taragon kore na zuba gahawa. Na loda dabino, na loda alawa, na loda goro. Shuɗi ba shi da kaya, sai Nomau ya kawo tasa bidi'ar: ɗan kaskon turaren wuta, da garwashi a ciki, ya ɗora masa a tarago.

Na ce, "Wuta a kan teburin dusar katako?"

"Babban baƙo sai da ƙamshi."

Ya shigo tsakiya cikin rigar MUHANDIS. Musbahu ya yi mata hannuwa har sun wuce yatsu, ya ce haka injiniyoyin Faransa suke sawa. Nomau ya naɗe su, ya yi gyaran murya, ya yi jawabi kan tsohon tsari da sabon tsari, da yadda ya tarar da jiragen gidan nan kamar marayu kowa da lambarsa. Ammi, yana zaune da baƙin tabarau, ya katse shi.

"Yalla, ya waladi. Fara da kore, a kai wa umda gahawa."

Nomau ya danna saba'in da bakwai. Ya dubi Musbahu ido cikin ido, ya murɗa abin gudu har ƙarshe.

Jirage biyar suka kurma ihu lokaci ɗaya. Wani jariri ya fashe da kuka a ɗakin mata, wani tsoho ya yar da carbinsa. Kore ya taso, baƙi ya taso, ja da ruwan ɗorawa da shuɗi suka taso, uku gabas biyu yamma.

"Kore na ce!" in ji Ammi. "Me nake ji haka?"

"Ammi, yanzu babu kore babu baƙi. Duk 'yan maktab ɗaya ne."

"Maktab esh?"

Musbahu ya ce, "Ammi, zauna ka ji daɗi. Fasahar Faransa ce."

Jiragen suka ɗau wuta. Finjalai suka fara kaɗawa, gahawa na fantsama a kan raƙuma. Kore ya miƙo ta gabas zai hau gada, baƙi ya fito ta yamma shi ma gadar yake nema. Yara suka fara tafi, su a ganinsu cikin shirin ne. Nomau ya ga abin da kowa ya gani, ya mayar da abin gudu sifili, ya harɗe hannu yana murmushi.

Ko gezau. Jiragen suka ci gaba da gudu kamar an ce musu sannu.

"Injiniya, ka tsayar da su?" in ji Musbahu.

"Na tsayar."

"Su sun sani?"

"Birkin yana tunani ne. Babban birki ba ya gaggawa."

Ammi ya miƙe yana lalube. "Al-ahmar! Jan maɓalli! Danna jan maɓalli!"

Nomau ya duba akwatin sama da ƙasa. Ba ja, sai sunansa da lambar wayarsa suna kallonsa. Ya waiga a firgice, ya hangi rimot a kan taga da jan maɓalli a kansa, ya fizgo ya danna da ƙarfinsa duka. Na'urar sanyaya ɗaki ta yi tsit.

"Madalla," in ji Musbahu. "Ɗaya ta tsaya. Saura biyar."

A tsakiyar gada 'yan maktab suka gaisa. Kore ya hau kan baƙi, tarago ya yi sama, finjalai shida suka tashi kamar tantabaru suka sauka a ƙirjin umda. Ya yi zumbur ya miƙe yana faɗin "La haula!", gahawa na gangara daga wuya har gwiwa. Dabino ya watse a ƙasa, yara suka yi kansa, wani mai ƙiba daga Bagdadiyya ya taka guda ya zame ya zauna a kan tiren shayi.

Ruwan ɗorawa bai jira kowa ba. Ya iso kwana da gudunsa, ya bar layi, ya yi tsalle ya faɗa cinyar Musbahu da goronsa. Musbahu ya ɗauki ɗaya ya ɓare ya jefa a baki.

"Wannan dai ya iso tasha. Har gida. Na janye maganata, injiniya."

Saura ja da shuɗi. Ja ya shige ramin dutse ta nan, shuɗi ya shige ta can da kaskonsa. Muka ji ƙum. Babu wanda ya fito. Sai jiniya biyu suna kuka a cikin dutse, sai hayaƙi ya fara fitowa ta baki biyu, da farko mai ƙamshin turare, daga baya mai ƙaurin alawa da roba. Audugar da Ammi ya shimfiɗa a kan dutsen a matsayin ƙanƙara ta kama.

"Wuta!" Mata suka yi salati. Nomau ya warware hannun rigarsa ɗaya yana fifita wutar da shi, ta ƙara tashi. Ya sunkuya yana hurawa, kamar mai dafa shayi. Wani ya sure jug ɗin zoɓo daga hannuna ya juye a kan dutsen. Wuta ta mutu, dutsen farar ƙasa ya jiƙe ya rufta, jan ruwa ya malalo ya cinye tasha da raƙuma. Har yanzu ƙafafun kore na juyawa a sama, jiniya biyar ba su fasa ba, birki bai gama tunani ba.

Na ajiye tire, na zaga bayan labule, na zare filogi daga bango, yadda nake yi duk ranar shara.

Shiru ya sauka. Ba ka jin komai sai ɗigar zoɓo a kan tayil, da Musbahu yana taunar goro.

Ammi ya cire baƙin tabarau, abin da likita ya hana. Ya daɗe yana kallon teburin. Sannan, cikin murya mai sanyi, ya ce, "Ya muhandis. Lamba nawa ka ba kore?"

"Saba'in da bakwai."

"Baƙi?"

"Saba'in da bakwai."

"Ja?"

"Ammi, ai na ce maka, gida ɗaya, kafili ɗaya..."

"Birki fa?"

"Ɗari biyu da hamsin da biyar. Ban rage maka ko ɗaya ba."

Ammi ya gyaɗa kai a hankali. "A reluwen Nijar haka kuke yi?"

Umda, yana matse rigarsa, ya ce da Larabci, "Wai Nijar akwai jirgin ƙasa?"

Wani tsoho, Malam Oumarou mutumin Damagaram, ya amsa daga baya, "Akwai, ranka ya daɗe. A littafin 'yan makaranta, shafi na talatin. Na taɓa ganinsa."

Ɗakin ya ɗauki dariya har matakala. Ammi bai yi ba. Ya juyo wajena.

"Ya Hajja Rakia, ke kika ce mini sahih."

"Cewa na yi ban taɓa jin jirgi ya yi hatsari a hannunsa ba. Yau na ji, na kuma gani."

Kowa a wurin nan da shi ne, da ya nemi ƙofa. Nomau sai ya matso, hannun riga ɗaya a ƙone, zoɓo har gira, ya rage murya.

"Ammi, in ka duba da kyau, matsalar da ka kira ni a kanta ta warke. Yanzu in ka danna uku, ko ɗaya ba zai motsa ba. To maganar kafalar fa, gobe za mu je ko jibi?"

Ammi ya mayar da tabaraunsa. "Ranar goma ga wata zan zo in ɗauke ka da kaina. Mota ɗaya, direba ɗaya, birki na gaskiya. Har filin jirgi."

Haka kuwa aka yi. Ya tafi cikin rigar MUHANDIS, Musbahu ya yanke ɗaya hannun don su yi daidai. Ammi mutum ne mai kunya, ya cika masa jaka da tsarabar yara, ya ɗora masa shuɗin jirgin a sama, lanƙwasasshe, rabinsa baƙi ƙirin, ya ce ba ya son sake ganinsa. Da idon Ammi ya warke, safiya ɗaya muka gyara sauran huɗun. Ni ina ɗauko su ina ɗorawa a ɗan guntun layi, shi yana danna lamba, ɗaya bayan ɗaya. Shayin da na dafa masa bai huce ba muka gama.

Bayan wata uku Fatouma ta kira ni daga Maraɗi cike da murna. Ta ce Nomau ya buɗe shagon gyaran rimot a bakin kasuwa, ya sa jirgin a akwatin gilashi, mutane har daga ƙauye suna zuwa kallo. Ba mai kiransa Nomau yanzu, sai Muhandis.

"Yaya, wai gaskiya ne a Jidda jirgi biyar ke tashi da yatsansa ɗaya?"

"Gaskiya ne."

"Wai har umdan unguwa ya miƙe masa tsaye a gaban jama'a?"

"Da idona na gani. Zumbur ya miƙe."

"Allah na gode maka! Ya ce yanzu jira kawai yake gwamnati ta shimfiɗa layin dogo, shi za a ba shugabanci."

Na ce, "To Fatouma, ki saurare ni da kyau. Ranar da aka shimfiɗa, kada ki saya wa yara tikiti. Ki je ki tambaya a nuna miki inda filogin yake, ki shimfiɗa tabarma ki zauna kusa da shi."